Me ya sa waƙar kewa ta fi shiga jiki da yammacin bazara?

A fadarmu, wato majalisar hirarmu da shan shayi a unguwar Zango ta garin Damagaram, akwai gardamar da ke dawowa kowace shekara, ba ta saɓa lokaci, kamar shamuwa. Da Afrilu ya kama, rana ta fara dafa mutum tun ƙarfe tara na safe, ba mai iya zaman hira sai la'asar sakaliya. Lokacin ne yaron tela zai ɗebo ruwa a kwano ya yayyafa a ƙofar shago, a hankali, don jarkar ɗan ga-ruwa ba kyauta ba ce. Ƙasa ta yi ɗan ƙamshin nan nata, a shimfiɗa tabarma, a ɗora shayi na farko. Sai wani ya ciro waya ya sa waƙa. In ya yi kuskure ya sa mai zafi, irin ta rawar biki, ba za a yi minti biyu ba wani zai ce, "Haba Yaya, rana ta gama dukanmu, kai ma za ka ƙara?" A yi ta sauyawa har a faɗo kan wadda kowa zai yi tsit. Kuma kullum iri ɗaya ce: mai tafiyar hawainiya, murya ɗaya, kiɗa kaɗan, zance a kan wanda ya tafi ko zamanin da ya wuce.

Tela, wanda shi ne babbanmu, ya yanke hukunci tuntuni. Ya ce mu mutane ne masu son wahala, zafi bai ishe mu ba sai mun haɗa da waƙar baƙin ciki. Na daɗe ina juya maganar nan, kuma ina ganin kuskurensa yana cikin sunan da ya laƙaba wa waƙar.

Hausa ba ta yi rowar kalmomi a wannan fanni ba. Baƙin ciki shi ne mai hana cin tuwo, mai sa mutum ya juya wa bango fuska. Takaici akwai haushi a cikinsa, akwai wanda kake ɗora wa laifi. Alhini da jimami na rashi ne, na gidan da aka shimfiɗa tabarmin gaisuwa. Sannan ga kewa, ga bege. Kewa ita ce gurbin da mutum ya bari, ka shiga ɗaki idonka ya faɗa kan ƙusar da yake rataye hularsa. Bege ya fi ta nisan zango, zuciya ce ke miƙa hannu wajen abin da take so tana sa ran za ta kai. Waƙar yammacin bazara a tsakanin waɗannan biyun na ƙarshe take kiwo, ba ta tsallakawa gonar sauran.

Mai baƙin ciki na gaske ba ya neman waƙa. Ban taɓa ganin an kunna rediyo a gidan makoki ba. A watan Oktoba na 2013, da aka tsinci gawarwakin mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara, da dama daga cikinsu ƴan yankin Kance, ba wanda ya nemi a sa masa kiɗa a wannan makon, salati kawai ake yi. Miki ba ya ƙaiƙayi sai ya fara warkewa, kuma waƙar kewa susa ce. Ana kai hannu wurin ne don ciwon ya riga ya yi sauƙin da za a iya taɓa shi.

Wasu masu bincike biyu a birnin Balin na Jamus, Taruffi da Koelsch, sun tambayi mutum 772 a shekarar 2014 abin da suke ji idan suna sauraron kiɗa mai sa jiki ya yi sanyi. Amsar da ta fi yawa ita ce kewar abin da ya wuce, sai natsuwa ta biyo, shi baƙin cikin kansa can baya ya zo. Da na karanta wa tela wannan sai ya ce, "To Bature ya faɗa, yanzu ka yarda." Na ce ai kafin ya faɗa kakata ta sani.

Amma me ya sa sai bazara, me ya sa sai yamma?

A nan sai an yi hattara, don lokacin zafin Turawa da bazararmu ba dangin juna ba ne. Su nasu daga Yuni zuwa Agusta ne, lokacin hutu da yawon shan iska, rana ba ta faɗuwa a birnin Faris sai wajen ƙarfe goma na dare, kuma hasken yamma ya yi ta jan ƙafa. Waƙoƙinsu na wannan lokaci kukan daɗi ne, suna jimamin cewa daɗin zai ƙare, sanyi na tafe. Mu bazara ba hutu ba ce. Zafi kan wuce digiri 40 a Afrilu da Mayu, rumbu ya ja baya, rijiya ta yi nisa, a Damagaram kuwa zancen ruwa tsohon ciwo ne da kowa ya gada. Iska ta juyo daga kudu maso yamma da ɗan danshi, gumi ya ƙi bushewa. Hadari ya haɗu a gabas, ya yi baƙi, kowa ya kwashe shanya, sai ya watse ya bar mu da ƙura. Duk garin jira yake yi. Manomi ya gama sharar gona yana jiran ruwan shuka, mai gida yana jiran ƴan ci-rani su dawo da ɗan abin da suka samo, uwa tana lissafin wanda zai dawo da wanda ya aiko cewa bana ba zai samu zuwa ba. Mai jira shi ne ainihin mai bege. Ba sai an koya masa ba.

Yammar kuma gajeriya ce. A Mayu rana kan faɗi wajen bakwai saura kwata, daga nan zuwa duhu minti ashirin da ƴan kai ne. Duwatsun Birni, tsohuwar unguwar cikin ganuwa, da suka yini suna shan rana sai a lokacin suke amayar da zafinsu, amma iska ta ɗan sassauta, jiki ya saki. Tun safe mutum kokawa yake da rana, ba shi da sararin tuna kowa. Wannan ɗan tsakanin, bayan an sallame la'asar kafin ladan ya kira magariba, shi ne kawai lokacin da hannu ba ya komai kuma ido bai fara jin barci ba. Duk wanda ka ture a zuciya tun safe, a nan yake dawowa ya zauna kusa da kai.

Yanzu ga inda zancen ya fi daɗi a wurina, wato yadda sautin kansa yake aiki. Wanda ya yi karatun kiɗa irin na Turai zai gaya maka suna da tsani iri biyu, ɗaya na fara'a ɗaya na sanyin jiki, mawaƙi ya zaɓi wanda yake so. Kiɗanmu na gargajiya yawanci a kan sauti biyar yake hawa yana sauka, kuma da tsanin nan guda ake yin waƙar noma, a yi ta aure, a yi ta kewa. Ke nan sirrin ba a tsanin yake ba. Yana cikin abubuwa uku da kunne ke kamawa ko da baki bai san sunansu ba.

Na farko harshen ne da kansa. Hausa harshe ne mai karin sauti. Ka ce kuka da murya a sama duka, hawaye kake nufi. Ka sauke gaɓar ƙarshe, ka koma itaciyar da ake miya da ganyenta. Mawaƙin Hausa ba shi da ƴancin jan kalma inda ya ga dama, dole waƙarsa ta bi hawa da saukar maganar, in ba haka ba ya faɗi abin da bai yi niyya ba. Sannan jimlar Hausa tana da wata ɗabi'a da masana harshe suka daɗe da lura da ita: tana farawa a sama, tana gangarowa kaɗan-kaɗan har ta dire a ƙasa. Mai waƙar kewa wannan gangaren yake ja. Ya ɗauko baiti a sama kamar mai kiran wani daga nesa, ya yi ta saukowa, ya ajiye shi can ƙasan maƙoshi inda ajiyar zuciya take fitowa. Baiti na gaba ma haka. Kunnenka yana jin mutum yana kira ba a amsa ba, sau ashirin a jere.

Na biyu shi ne fili. Kayan kiɗan da suka dace da wannan lokaci duk masu ƙaramar murya ne. Gurmi ɗan ƙoƙo ne da sanda da tsirkiya biyu ko uku, ka taɓa shi sautin ya fito ya mutu nan take, ya bar shiru a bayansa. Kuntigi, wanda marigayi Ɗan Maraya Jos ya yi suna da shi, gwangwanin kifi ne aka rufe da fata aka ɗaura masa tsirkiya ɗaya tak. Molo yana da kauri kaɗan, kamar dattijo na magana ƙasa-ƙasa. Goge da ƙanwarsa kukuma su ne suka fi kusa da muryar mutum, don tsirkiyar gashin wutsiyar doki ce ake gogawa, sautin ba ya yankewa, yana iya karkarwa yana iya shessheƙa. Sarewar Bafulatani kuwa rabinta numfashi ne, kana jin iskar mai busawa tana zuba ta gefe. A duk waɗannan akwai rami tsakanin sauti da sauti, kuma cikin ramin nan mai sauraro yake zuba nasa. Kwatanta da kakaki da algaita da tambura a ƙofar fadar Sarkin Damagaram ranar hawan salla. Mai algaita yana shaƙar iska ta hanci yana hurawa da kumatu a lokaci guda, sautin ba ya tsayawa ko na ƙiftawar ido. Kiɗa ne na cika fili, na sa talaka ya gyara tsayuwa, yana da kyau ƙwarai a muhallinsa. Waƙoƙin fada irin na marigayi Ma'azu Ɗan Alalo ma haka, suna sa ka ji kai ɗan gari ne mai tarihi. Amma ba wanda ke tuna budurwarsa ta fari da kakaki.

Na uku maimaici ne. Amshi ɗaya a yi ta dawowa kansa. Mai gaggawa zai ce gundura ce. To ai kewa ma haka take yi, tunani ɗaya ne ke zuwa yana komawa kamar guga a rijiya. Da ka ji amshin sau uku ka daina sauraron kalmomin, ka san abin da ke zuwa, hankalinka ya samu izinin tafiya yawo.

Na fara gane haka ne a tsakar gidanmu a Birni ina yaro. Ɗan gwaggona ya tafi Libiya, a zamanin da wasiƙa kan yi wata biyu a hanya, gwaggo kuma ba ta yi lakwal ba. Sai ya riƙa aiko kaset ta hannun direbobi. Ya gaishe da kowa da sunansa, har akuya, ya faɗi abin da ya aiko da wanda za a ba, sannan ya bar sauran zaren ya cika shi da kiɗan gurmi da ya naɗa daga wani rediyon, da ƙarar janareto a bayansa. Gwaggo ba ta yarda a kunna da safe. Sai ta gama tankaɗe, ta ɗora tukunya, rana ta sauka daga kan katanga, sannan ta ce, "Kai, maza ɗauko mini akwatin nan." Aikina shi ne in zura bik a ramin kaset in yi ta juyawa har ya koma farko, don kada a kashe batir. Maganar ɗanta sau ɗaya take ji, ta riga ta haddace. Kiɗan ne take sa a maimaita. Tana tsinke zogale tana bin sa da hanci, ba ta kuka, ba ta magana. In an yi sallama ta amsa kamar ba komai. Wata rana na ce, "Gwaggo, ai ba shi ne ke kaɗawa ba." Ta ce, "Na sani. Amma yana zaune a wurin lokacin da ake kaɗawa."

Wannan amsa ita ce abin da ya rage na fashin baƙin. Rabin waƙar kewa a cikin mai ji take. Shi ya sa gardamar wace ce ta fi kowace ba ta ƙarewa a fada. Masu nazarin tunanin ɗan Adam sun lura cewa abin da mutum ya ji yana saurayi ya fi manne masa fiye da na kowane lokaci a rayuwa. Tela yana so a sa na Indiya, don shi a gidan sinima marar rufi ya yi samartakarsa, bai san kalma goma ta harshensu ba amma ya san inda sarewa za ta shigo. (Indiyawa, af, sun riga mu tsara wannan zance. Kiɗansu na gargajiya ya kasu gida-gida, suna kiran kowane gida raga, kuma kowane da lokacinsa a yini. Akwai wanda ake kira Marwa, na faɗuwar rana ne.) Wani malami a cikinmu da ya yi karatu a Masar, shi Ummu Kulsum yake so, wadda ta rasu a 1975, mai tsayawa kan baiti ɗaya ta yi ta juya shi har shayi ya huce. Yaron tela kuwa, wanda aka haifa bayan waya ta zo, waƙar soyayya ta situdiyon Kano ce ke sa shi tagumi.

Jitar Abzinawa ce kawai ba a musu a kanta, kuma ba mamaki. Zango tun asali masaukin ayari ne, nan fataken Abzin ke sauke raƙuma a bayan ganuwar Birni, unguwa ce da aka gina a kan zuwa da tafiya. Bayan farin 1973 da na 1984 dabbobi suka ƙare, samarin Abzinawa suka watsu Tamanrasat da Libiya neman aiki, har aka yi musu laƙabi da ishumar, daga kalmar Faransanci ta marar aikin yi. A can suka ɗauki jita, suka riƙa naɗar waƙa a kaset tana yawo hannu da hannu. Sunan da suka ba kiɗan shi ne asuf, kuma a harshensu ma'anarsa kewa ce, da kaɗaicin da ke kama mutum a fili marar kowa. Mutanen da suka raɗa wa kiɗansu suna kewa ai ba sa bukatar tafinta a garin ƴan ci-rani. Ga shi tafiyarsa ta raƙumi ce, ba sauri ba tsayawa, tafi da hannu da murya ƙasa-ƙasa.

Akwai kuma kayan kiɗan da shi kansa abin kewa ne. Marigayi Malam Mamman Barka, ɗan Tesker a nan jiharmu, malamin makaranta ne da ya yi suna da gurmi. A 2002 ya tafi tafkin Cadi wurin Bukar Tar, tsohon da ya rage cikin masu kaɗa biram, wani abin kiɗa na masuntan Buduma mai siffar jirgin ruwa da tsirkiya biyar. Ya koya, tsohon ya ba shi nasa, ya zagaya duniya da shi kafin ya rasu a 2018. Duk lokacin da na ji sautin biram sai in tuna tafkin da ya ja baya ya bar jirage a kan yashi. Ko mawaƙin yana zancen ban dariya ne, ni abin da nake ji ke nan.

Waƙoƙin situdiyo na yanzu fa? Ba zan yi musu rashin adalci ba, akwai masu kalmomi masu ratsa jiki, kuma yaron tela ba ƙarya yake yi ba in ya yi tagumi. Ƙorafina ɗaya ne: ba sa barin rami. Fiyano ya cika ko'ina, ganga ta kwamfuta tana bugawa daidai wa daida ba ta gajiya ba ta kuskure, murya kuma an goge ta da na'ura har ba a jin numfashi. Mawaƙi yana cewa zuciyarsa ta farfashe, amma kiɗan da ke ƙarƙashinsa na rawar ƴan matan amarya ne. Kamar a kawo maka gaisuwar rashi da kalangu. Karkarwar murya da ɗan kaucewar yatsa a kan tsirkiya, waɗanda mai haɗa sauti yake ɗauka aibi ne yana sharewa, su ne shaidar cewa mutum ne ke wurin. In da za su ji shawarata, su kashe rabin abin da suka kunna.

Kada kuma a manta, kalmar bege a bakin mutanenmu ta fi saurin tafiya wajen Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Wanda ba ya sauraron goge don malaminsa ya hana, ba a bar shi hannu rabbana ba. Yana da ƙasidun yabo, yana da muryar makaho mai bara da ke bin lungu da yamma yana rera wa'azi, sandarsa na taɓa ƙasa a madadin ganga. Ka saurara da kyau, ginin ɗaya ne: a ɗauko a sama a gangaro, a bar fili, a maimaita, kuma wanda ake begen yana nesa, a wani gari da ake fatan zuwa. Dattijon da ke zama a gefen fadarmu da carbi, wanda ba ya tanka mana in muna gardamar mawaƙa, na sha ganin ya daina jan carbin in irin wannan murya ta gifta.

Jiya ma an yi gardamar. Shayi na uku ya sauka, mai zaƙi marar ƙarfi, hadarin gabas ya sake yaudararmu. Ƙanin tela da ke Aljeriya ya turo saƙon murya ta WhatsApp, ya ce a gaida kowa, ya ce in ruwa ya sauka a shuka masa gonarsa ta hanyar Mirya, shi sai bayan salla in Allah ya yarda. Can bayan muryarsa ana jin wani yana taɓa jita a hankali. Tela ya saurara, ya mayar farko, ya sake saurara. A karo na uku ya kara wayar a kunne, ya juya mana baya kamar mai neman almakashi. Ba wanda ya tuna masa hukuncin da ya yanke. Ladan ya ɗaga murya daga masallacin bakin titi, yaro ya kwashe kofuna, muka miƙe neman buta.